Fashin baƙi kan tofsifin na fohan: me ya sa ƙwallonka ke faɗawa raga ko ta wuce tebur

Duk wanda yake zagaya teburan tanis na unguwanni a Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Badarawa, Kawo, Rigasa har Barnawa, zai yarda da ni cewa muna da yara masu hannu, wallahi akwai su, ga ido ga saurin motsi ga zuciya. Amma kusan duk wasan ya tsaya ne a kan abu biyu, a riƙa tura ƙwallo a hankali har sai ta ɗan yi sama, sannan a zabga mata simash. Ranar da irin wannan yaron ya haɗu da wanda ya iya yanka, mai aiko ƙwallo ƙasa-ƙasa tana juyawa baya, toh shikenan wasa ya ƙare, duk wadda ya daka sai raga, in ya buɗe bat kuma ta tashi ta bar teburin gaba ɗaya. Abin da ya rasa shi ne tofsifin na fohan, wato bugun da ake shafar ƙwallo ta tafi tana juyawa gaba, daga ɓangaren hannun da yake riƙe da bat, kuma a ganina babu bugun da ya kai shi muhimmanci a wasan nan, shi ne yake raba mai buga tanis na nishaɗi da wanda za a iya kaiwa gasa.

Maganar da nake so ta zauna a kan kowa tun daga farko ita ce, tofsifin shafa ce ba duka ba, kuma ƙarfinsa daga ƙafa da ƙugu yake fitowa ba daga dantse ba. Duk sauran bayanin da zan yi a ƙarƙashin wannan yake.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake buƙatarsa. Tsawon tebur mita 2.74 ne, tsayin raga santimita 15.25, ƙwallon kuma nauyinta giram 2.7 kacal. Idan ƙwallo tana sama da raga sosai kana iya dukanta kai tsaye ta sauka a ɓangaren abokin wasanka, wannan shi ne simash. Amma idan tana daidai raga ko ƙasa da ita fa? Babu miƙaƙƙiyar hanya daga bat ɗinka zuwa teburinsa, dole ƙwallon ta hau sama ta tsallake raga sannan ta lanƙwaso ƙasa kafin teburin ya ƙare, kuma in da gudu ka aika ta nauyinta kaɗai ba zai sauko da ita a kan lokaci ba. Anan juyi yake shigowa. Idan ƙwallo tana tafiya tana juyawa gaba, samanta yana karo da iska, ƙasanta kuma yana tafiya tare da iskar, sai matsin da ke sama ya fi na ƙasa, iskar da kanta ta danna ƙwallon ƙasa. Wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Magnus ne ya yi bayanin wannan tun a shekarun 1850, kuma shi ne dai abin da yake lanƙwasa firikik a ƙwallon ƙafa. Ma'ana, yawan juyin da ka saka, yawan damar da kake da ita ta bugawa da ƙarfi kuma ta sauka a tebur. Bayan ta sauka ma ba ta gama aiki ba, tana taɓa tebur sai ta zabura gaba, tana taɓa bat ɗin abokin karawa kuma sai ta yi tsalle sama, shi ya sa za ka ga wanda bai saba ba ya tare ta amma ta wuce can bayanka, yana duba bat ɗinsa yana mamaki.

Toh yaya ake shafar? Ka taɓa tsayawa wajen mai gyaran keke ya kifa keken yana duba ko taya ta karkace? Ba naushin tayar yake ba, tafin hannu yake sawa ya goge samanta da sauri sai ta kama juyawa. Haka robar bat take yi wa ƙwallo. Kai ma in akwai keke a gida ka kifa shi ka ɗauki tsohon bat ka riƙa juya tayar da shi, hannunka zai fahimci abin da baki ya kasa faɗa. Kuma kunnenka ma malami ne, in ka ji ƙara mai ƙarfi ƙwas, katako ne ya daki ƙwallon, in ka ji ƙaramin sauti siririn nan, roba da soson da ke ƙarƙashinta ne suka kama ta. Mai koyo ya fara neman wannan siririn sautin tukuna, daga baya in hannu ya faɗa sai a riƙa haɗa shafa da nutsa ƙwallo cikin soso don a samu gudu.

Yanzu jiki. Zan yi magana a kan mai buga da dama, bahago sai ya juya komai. Ka buɗe ƙafafu su fi faɗin kafaɗa, ƙafar dama ta ɗan koma baya kaɗan, gwiwa a lanƙwashe, nauyinka a kan gaban tafin ƙafa ba dunduniya ba, ƙirji ya ɗan sunkuyo gaba. Wannan tsayuwar ita ce mutane suka fi rainawa kuma ita ce ta fi wahala, domin cinya tana zafi, bayan minti kaɗan sai kaga mutum ya miƙe tsaye ƙyam kamar mai jiran sahu, daga nan kuma komai ya lalace, tunda wanda yake tsaye a miƙe ba shi da inda zai samo ƙarfi sai kafaɗa.

Idan ƙwallo ta taso, ba hannu za ka ja baya ba, ƙugu za ka juya zuwa dama, nauyi ya sauka a ƙafar dama, kafaɗar dama ta ɗan yi ƙasa, hannu kuma ya bi jiki da kansa. Sai ka tunkuɗa ƙasa da ƙafar daman nan, ƙugu ya warware, kafaɗa ta biyo, sannan a ƙarshe sangalin hannu ya rufe da sauri daga gwiwar hannu, wuyan hannu ya ƙara ɗan nasa. Nauyi ya koma ƙafar hagu, bat ya tsaya a gaban goshi, tsakanin idanu ko wajen idon hagu. In kaga bat ɗinka yana ƙarewa a bayan kafaɗar hagu ka wuce gona da iri, kafin ka dawo an riga an maido maka da ƙwallon. Jerin nan yana da muhimmanci sosai, ƙafa, ƙugu, kafaɗa, hannu, kowanne yana miƙa wa na gabansa gudu. Da zarar hannu ya riga ƙugu tafiya toh ƙarfin ƙafar ya tashi a banza.

Akwai abin da nake so in daɗe a kansa, shi ne sakin jiki. Yawancin samarinmu suna riƙe bat kamar za a ƙwace musu, jijiyoyin hannu duk sun miƙe tun kafin a yi sabis. Tsokar da take a ɗaure ba ta iya sauri, kuma juyi saurin bat yake so a daidai lokacin da ya taɓa ƙwallo, ba ƙarfin ƙwanji ba. Shi ya sa za ka ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ta samu koci mai kyau tana fitar da juyin da ƙato mai ɗaga ƙarfe ba zai iya ba. Ka riƙe bat sako-sako kamar kana gaisawa da babba, ɗan ali a kwance a gindin robar baya, babban yatsa a ɗaya gefen, sai a daidai lokacin taɓawa ka ɗan matse da yatsun nan biyu, kana gamawa ka sake. Gwiwar hannu kuma kar ta manne da haƙarƙari, ka bar fili kamar dunƙulen hannu ɗaya ko fiye, kuma kar ta ɗaga sama lokacin bugu, domin ɗaguwar gwiwar hannu ita ce take rufe bat ba ka sani ba ƙwallo ta tafi raga.

Sai wurin da ake haɗuwa da ƙwallon. A gefenka na dama kuma ɗan gaba da jiki, inda in ka juya ƙugu ƙwallon tana gaban cibiyarka. In ta wuce ka zuwa baya kafaɗa ce kawai za ta yi aikin, in kuma ka miƙa hannu can gaba kana kamo ta babu ƙugu a ciki. Lokaci mafi sauƙi ga mai koyo shi ne sanda ta kai ƙololuwar tsallenta ko ta fara saukowa kaɗan.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke rikicewa, kuma nan ne ainihin fashin baƙin. Tofsifin ba iri ɗaya ba ne, ya danganta da abin da aka aiko maka. In abokin wasanka ya tare ne kawai ko shi ma ya aiko da juyin gaba, ƙwallon da kanta tana son tashi sama daga robarka, saboda haka bat zai fara daga wajen tsayin tebur, a rufe kamar rabin kwana, ka shafi saman bayanta, tafiyar hannu gaba ta fi sama yawa. Amma in yanka aka aiko maka labari ya canza. Ka lura da wani abu mai ban sha'awa, ƙwallon da ta taho wajenka da juyin baya, ɓangaren da yake fuskantarka sama yake tafiya, wato tana juyawa ne daidai ɓangaren da kai ma kake son juya ta. Toh in bat ɗinka yana hawa sama a hankali fiye da yadda fatar ƙwallon take hawa, robar ba za ta ɗaga ta ba, sai ma ƙwallon ta gangara ƙasa ta faɗa raga ko ma ta daki teburinka. Dole saurin bat ya kamo saurin juyinta ya wuce shi. Shi ya sa a kan yanka ake sauke bat har wajen gwiwa, a ƙara durƙusawa, a buɗe fuskar bat ta kusa miƙewa tsaye, a shafi tsakiyar bayan ƙwallon, ƙafa ta tura jiki sama da gaba. Wanda ya ji tsoro ya rage gudun hannu wai don kar ta fita, shi ne tasa take shiga raga, a nan lallaɓawa ita ce kuskuren.

Daga nan sai matsala ta biyu ta biyo, kuma duk wanda ya fara koyo sai ya gamu da ita. Ka ɗaga yankan farko lafiya lau, abokinka ya tare ta dawo, sai ka maimaita irin bugun da ka yi ɗazu, ƙwallo ta tashi sama ta bar tebur da nisa. Dalili shi ne wadda ta dawo ba yanka ba ce kuma, juyin gaba take ɗauke da shi, naka ne ma ya dawo maka. Bugu na biyu dole bat ya tsaya sama, ya ƙara rufewa, ya tafi gaba. Wannan sauyin tsakanin ƙwallo ta farko da ta biyu shi kaɗai ya isa a ware masa makonni ana maimaitawa, ɗaya ya yanko, ka ɗaga, ya tare, ka danna gaba, a tsaya a sake.

Wani zai ce ai Aruna Quadri, gwanin tanis ɗin tebur na Najeriya, da ƙarfin hannu yake cin mutane. Ɗan uwa ka koma ka kalli bidiyonsa a hankali, ka cire idonka daga hannun ka kalli ƙafafunsa da yadda yake zagayawa ya buga fohan daga kusurwar bakhan, wato ɓangaren hagunsa inda aka saba bugu da bayan bat, ka ga yadda duk jikinsa yake shiga cikin ƙwallo ɗaya. Da wannan fohan ɗin Aruna, ɗan Oyo, ya fitar da Chuang Chih-yuan na Taiwan da Timo Boll na Jamus a Olamfik ta Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen kwata fainal, inda Ma Long na Sin ya tsayar da shi, kuma Ma Long ɗin ne ya ɗauki zinaren shekarar. Abin alfahari ne a gare mu wallahi. Amma in shawarata za a bi, mai koyo ya ɗauki zuciyar Aruna da aikin ƙafarsa, tsarin bugun kuma ya kalli Ma Long a bidiyon da aka rage wa gudu, domin lilon hannun Aruna babba ne kuma nasa ne shi kaɗai, ya gina jikin da zai ɗauke shi, yaron da ya kwaikwaya ba tare da wannan ƙafar ba kullum a makare zai riƙa dawowa. Timo Boll kuma a kalle shi don a ga yadda ake ɗaga yanka da gajeren bugu mai juyi sosai ba tare da hayaniya ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ƙafa da ƙugu ta ƙara nauyi a zamanin nan. A shekarar 2000 aka ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, a 2008 aka hana gam ɗin nan da yake ƙara wa roba gudu, daga 2014 kuma aka koma ƙwallon filastik wadda ake rubuta 40+ a jikinta. Kowanne daga cikin waɗannan ya rage juyi ko gudu, saboda haka abin da iyayen gidanmu na zamanin Atanda Musa, tsohon gwanin Najeriya, suke samu da wuyan hannu, yau sai ka sa jiki kafin ka same shi. In wani dattijo ya ce maka da can ƙwallo ta fi lanƙwasa, gaskiya ya faɗa.

Maganar bat ba zan tsallake ta ba domin a nan garin ita ce rabin matsalar. Bat ɗin haya da ake ajiyewa a teburin unguwa, wanda hannu ɗari ya taɓa, robarsa ta zama sulɓi tana ƙyalli, ko Ma Long ka ba shi ba zai fitar da juyin kirki da shi ba. Kuma abin takaicin shi ne irin wannan bat ɗin yana koya wa yaro duka, tunda in ya gwada shafa ƙwallon zamewa take ta faɗi a gabansa, sai ya yanke hukuncin cewa shafa ba ta aiki. Gwajin mai sauƙi ne, ka riƙe ƙwallo ka goga ta a kan robar, in ta zame sumul robar ta mutu, in ka ji tana cijewa da sauran rai. Ba sai ka sayi mai tsada ba. Ni ban goyi bayan mai koyo ya fara da katako mai kabon da roba mai tsada irin Tenergy ba, gudunsu ya yi yawa, ƙwallo tana barin bat kafin hannu ya ji ta, ga kuɗi kuma ga jabu da suka cika kasuwa. Katako zalla mai falle biyar da roba mai matsakaicin laushi wadda take da tambarin ITTF, hukumar tanis ɗin tebur ta duniya, sun wadatar har shekara biyu. Robar Sin mai danƙo irin Hurricane tana da juyi sosai kuma ta fi araha, sai dai tana da tauri, ba ta ba ka komai kyauta, abin da jikinka ya saka shi za ka gani, wasu kociyoyin ma saboda haka suke son ta ga yara.

Yanayinmu ma yana da nasa. Da hunturu ƙura tana kwanciya a roba da tebur da ƙwallon kanta, minti kaɗan robar ta daina kamawa, ka riƙa gogewa da ɗan ruwa da soso mai laushi ko ka hura mata numfashi ka share da tafin hannu, in an tashi a rufe ta da leda a sa a jaka. Da damina kuma, musamman watan Agusta, laima ce take sa ƙwallo ta zame ta faɗo kamar ba a taɓa ta ba, a irin wannan ranar ka rage siririyar shafa ka ƙara nutsa ƙwallo cikin soso. Kuma dan Allah a daina barin bat a ƙarƙashin kujerar mashin ko cikin mota a rana, zafi yana kashe roba da wuri. Silifas ma a ajiye shi, ba yadda za a yi ka tunkuɗa ƙasa da ƙafar dama kana tsoron santsi, ko kambas mai araha ya fi.

Sai yadda muke wasan kansa. Tsarin wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya biya ya koma layi, yana da daɗi kuma yana koyar da jure matsi, amma ba a koyon sabon bugu a cikinsa, domin ba wanda zai yarda ya yi asarar kuɗinsa da layinsa yana gwada abin da bai iya ba, kowa komawa yake ga tsohuwar turawarsa. Ka nemi aboki ɗaya mai irin ra'ayinka ku kama teburin lokacin da babu mutane, da safe ko bayan azahar, ba ƙirga maki. Ku fara da shi yana tarewa kai kana shafawa kusurwa zuwa kusurwa da rabin ƙarfinka, burin shi ne goma a jere, in sun samu a nemi ashirin, kar a ƙara gudu sai an daina zubarwa. In kuna da ƙwallaye da yawa a roba ko bokiti ya fi, ɗaya ya tsaya gefen raga yana jefo yanka ɗaya bayan ɗaya, a minti goma za ka buga abin da ba za ka samu a wasan yini guda ba, haka 'yan Sin suke horar da yaransu. Daga baya a shigo da motsi, ɗaya a kusurwar dama ɗaya a tsakiya duk da fohan, domin a wasan gaske ba wanda zai kawo maka ƙwallo inda kake tsaye, kuma yawancin abin da muke kira matsalar hannu rashin matsawa ne da ƙafa, mutum ya tsaya wuri ɗaya yana miƙa hannu. In wannan ya zauna sai a gwada atisayen Falkenberg, sunan wani gari ne a Suwidin, bakhan ɗaya, ka zagaya ka buga fohan daga wannan kusurwar, sannan ka ruga ka buga fohan a ɗaya kusurwar. Yana cin numfashi ba kaɗan ba.

Ka jingina wayarka a gefe ta ɗauke ka, daga ɓangaren dama da kuma ta baya. Abin da kake ji kana yi da abin da kake yi a zahiri sukan bambanta, kana jin ka durƙusa sosai bidiyo zai nuna maka gwiwa ko lanƙwasa ba ta yi ba. In kuma da hali ka riƙa leƙawa wajen masu atisaye a filin wasa na Ahmadu Bello ko Murtala Square ka gaida manya ka roƙi wani ya duba maka bugunka, a cikin gini inda iska ba ta wasa da ƙwallo za ka fi ganin lanƙwasar da kake fitarwa, kuma gyara ɗaya daga wanda ya sani yana iya rage maka wata shida na lalube.

In ka fara shigar da shi wasa kuma, kar ka ce kowace sai ka kashe. Tofsifin na farko a kan yanka aikinsa buɗe wasa ne, ka sa masa juyi sosai, ya wuce raga ƙasa-ƙasa ya sauka can ƙarshen tebur, ka nufi gwiwar hannun abokin karawa inda zai yi shakkar fohan zai sa ko bakhan. Da yawa a nan za su tare ta tashi waje, wanda ya maido kuma yawanci sama-sama za ta dawo, ita ce za ka danna. Makonnin farko za a ci ka a hannun mutanen da da kake cinyewa, har a yi maka dariya a teburin, kar wannan ya mayar da kai turawa, ka ci gaba da ɗaga duk doguwar yankan da ta fito bayan layin tebur, gajeriyar da za ta yi tsalle biyu a teburinka kuwa ka tura ta, ba ta tofsifin ba ce.